GAYAUNAR ƘANANAN YARA A CIKIN BIRNI: MISALI DA UNGUWAR SHESHE

Duk wanda ya san unguwar Sheshe, ko maƙwabtanta irin su Mandawari da sauran unguwannin da suka kewaye Kasuwar Kurmi, in aka ce masa ya kamata makarantun rainon yara na wurin su riƙa yin lambu tare da ɗalibansu, abin da zai fara yi shi ne dariya. Zai ce ina filin yake? Gida ya jingina da gida, lungu ya ƙuntata har mai kurar ruwa sai ya yi dabara kafin ya wuce, tsakar gidan da aka gada kuma an yanka ta an yi ɗakuna saboda yawan magada. Wannan tambaya tana da ƙarfi, ba kuwa za a kauce mata ba. Amma manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa yaron da ya tashi a irin wannan matsi shi ne ya fi kowa bukatar ya shuka wani abu da hannunsa, kuma abin da ya hana a yi hakan ya fi kusa da ra'ayin malamai da iyaye fiye da ƙarancin ƙasa.

Da farko ya kamata a tuna cewa rabuwar Bakano na cikin birni da shuka sabon abu ne. Tarihi ya nuna an fara ginin ganuwa tun zamanin Sarki Gijimasu, a ƙarni na 12, sarakunan da suka biyo baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. Ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki da fadamu, domin in abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya a sami abin ci a ciki. Lokacin da Baturen Ingila Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya lura cewa gidaje ba su ci fiye da rubu'in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, shi ma ya tarar da fili mai yawa da ake nomawa a cikin badala. Watau yaron Sheshe na wancan zamani ba ya bukatar ya fita ƙofar gari kafin ya ga dawa ta yi kai, ko ya ga mai lambu yana ban ruwa a bakin Jakara. Sunayen wurare irin su Gandun Albasa suna nan suna ba da shaida, ko da yake yanzu gine-gine ne a wurin. Kududdufan da ke riƙe ruwa a tsakanin unguwanni an cike da yawa daga cikinsu an yi gini, bishiyoyin tsakar gida kuma sun tafi tare da tsakar gidan. Sakamakon haka shi ne a yau ana iya samun yaro ɗan shekara biyar wanda yake cin miyar kuɓewa kusan kullum, amma bai taɓa ganin kuɓewa a jikin uwarta ba. A saninsa daga faranti mai talla take fitowa.

Wani zai ce to me ya yi zafi? Ai ba manomi za a yi da shi ba. A nan ne ya kamata ɗalibin harshe ya fi kowa damuwa, domin asarar da ake yi ta harshe ce kafin ta zama ta noma. Hausa harshen manoma ne, kalmominta masu yawa daga gona suka fito. Akwai sassabe da kaftu da huɗa, akwai binne, watau shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, akwai firi da maimai, akwai tsiro da toho da dashe. Akwai sungumi da fartanya da garma da lauje, kowanne da aikinsa. Yaron da bai taɓa ganin abin da waɗannan kalmomi suke nufi ba, ko ya haddace su don jarrabawa, fanko ne a bakinsa. Haka kuma karin magana. Yaya za a yi wanda bai san yadda duma yake yaɗo ya yi 'ya'ya, a bar shi ya ƙosa ya bushe, sannan a fafe shi, ya ji daɗin cewa ba a fafe gora ranar tafiya? Wanda bai taɓa tsayawa inda ake shiƙa iska ta juyo ba, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya magana ce kawai da manya ke faɗa in sun yi fushi. Malaman sashen Hausa sun sha kokawa da ɗaliban da suke zuwa jami'a ba su iya warware karin magana ba. Tushen wannan rauni yana can baya, a shekarun da yaro yake ɗaura wa kowane abu suna, aka tsare shi a ɗaki yana rera sunayen 'ya'yan itatuwan da ba sa fitowa a ƙasarsa.

Abin mamaki shi ne, su Turawan da ake kwaikwayo ba haka suka fara ba. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe makarantar ƙananan yara a garin Blankenburg a 1837, ya raɗa mata suna a 1840 da kalmar da ma'anarta ita ce lambun yara, sunan da har yau ake rubutawa a allunan makarantu masu zaman kansu a Kano ba tare da an tambayi fassararsa ba. A tsarinsa kowane yaro yana da ɗan fegin da yake shuka abin da ya ga dama, sannan akwai babban fegi na kowa da kowa. Maria Montessori kuwa, wadda ita ma ake ta aron sunanta, ta buɗe makarantarta ta farko a 1907 a San Lorenzo, wata unguwar talakawa mai cunkoso a birnin Rum, a cikin gidan haya, kuma a ɗan filin tsakar gidan yara suka riƙa kula da shuke-shuke. Ke nan cunkoso bai hana ta ba.

Bahaushe ma ba ya bukatar ya je Jamus kafin ya gane wannan tsari, domin yana da shi tun kaka da kakanni. A gidan manomi akwai gandu, inda kowa yake aiki ƙarƙashin maigida, akwai kuma gayauna, ɗan yankin da ake ware wa ɗa ko matar gida, abin da ya fito nasa ne, ya ci ko ya sayar. A gayauna yaro yake fara koyon cewa in ya yi sakaci shi zai yi asara, in ya kula shi zai amfana, ba tare da an ɗaga masa bulala ba. Abin da ake nema a makarantun rainon yara na cikin birni shi ne a dawo da gayauna, ko da kuwa girmanta bai wuce bakin tsohon bokiti ba.

Ita hukuma ta daɗe da amincewa da wannan a takarda. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta sanya binciken halittu da muhallin yaro cikin burin karatun share fagen firamare, ta kuma ce a koyar da shi da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankin. Sai dai ta bar kafa makarantun a hannun masu zaman kansu, su kuwa abin da iyaye za su biya kuɗi a kansa shi suke sayarwa. Dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta shigo da kula da ƙananan yara cikin tsarin gwamnati, abin da ya sa rabin aji ya yawaita a firamarorin hukuma. A 2022 an faɗaɗa matsayin harshen uwa zuwa ƙarshen firamare, sannan a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi na Tarayya ya ba da sanarwar soke wannan manufa da mayar da Ingilishi harshen koyarwa tun daga matakin farko. Ko mene ne ra'ayin mutum game da wannan mataki, abu guda ya fito fili: in allo ya koma na Ingilishi, to ragowar wurin da Hausa za ta yi numfashi a makaranta shi ne wajen aikin hannu da wasa, inda malama da yara suke magana kamar yadda suke yi a gida. Lambu yana daga cikin irin waɗannan wurare.

To, a koma kan tambayar fili. Makarantar da ke cikin lungu, wadda wataƙila gidan zama ne aka mayar azuzuwa, ba za ta sami inda za ta ja kunya ba, wannan gaskiya ne. Amma da wuya a rasa gindin katanga guda da rana take bugawa daga hantsi zuwa azahar. Wannan ya isa. Tsohon bokitin da ya huje, da jarkar da aka yanke, da buhun da aka naɗe bakinsa, da fasasshen tulu, duk gonaki ne in aka huda gindinsu ruwa ya riƙa tsiyayewa, aka cika su da ƙasa mai kyau gauraye da ruɓaɓɓen takin awaki. Taki ba ya wahala a cikin birni, kusan kowane lungu akwai mai kiwo da yake neman inda zai zubar. Abin da ya kamata a kiyaye shi ne kada a ɗebo ƙasa daga bakin kwata ko juji, kuma kada a zuba ɗanyen taki, domin yana ƙona tsiro, yana kuma ɗauke da cuta ga hannun da bai daina zuwa baki ba. Abin da ba ya samun wuri a ƙasa sai ya hau sama: wake da soso da duma suna bin igiya su hau katanga, su yi wa yara inuwa a kan hanya.

Sai dai babban kuskuren da ake iya yi shi ne malama ta shirya komai da kanta, ta jera mazubai, ta shuka, sannan ta kira yara su tsaya a ɗauki hoto don a nuna wa iyaye. Wannan ado ne. Ilmin yana cikin shirin, kuma shirin ya kamata ya ɗauki mako guda ko biyu kafin a taɓa iri. A fita da yara da safe a tambaye su ina rana take, a koma da azahar a sake dubawa, su da kansu su gano katangar da ta fi samun haske. A tambayi kowa wace miya aka yi a gidansu jiya, daga nan a shiga maganar me ake sakawa a cikinta, wanne ne ganye, wanne ne ɗa, wanne ne saiwa. A kawo iri iri-iri a faifai, su taɓa, su ware manya da ƙanana, su ƙirga. Ɗan shekara huɗu da ya ƙirga ƙwayar wake biyar ya saka a rami ya fi fahimtar biyar fiye da wanda ya rubuta lambar sau ashirin a littafi. A bar su su yi gardama kan abin da za a shuka. Lalle za a sami wanda zai ce shi alewa zai shuka, ko taliya. Malama mai hikima ba za ta yi masa tsawa ba, sai ta ba shi gwangwani ya binne alewar kusa da na mai wake, a yi ta ban ruwa tare. Bayan kwana biyar zai sami amsar da ba zai manta ba, ya kuma koyi cewa ana iya gwada magana a gani.

Zaɓen iri yana bukatar lura, domin haƙurin ƙaramin yaro gajere ne. Wake ya fi dacewa da farawa: ƙwayarsa babba ce, yatsun yaro suna iya riƙe ta, kuma cikin kwana uku zuwa biyar yake fasa ƙasa ya fito da kansa a sunkuye. Alayyafo yana isa tsinka cikin mako uku zuwa huɗu, ko da yake irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an gauraya da yashi kafin a yafa. Yakuwa da rama ba su da laulayi. Kuɓewa tana ɗaukar kamar wata biyu, amma furenta kaɗai ya isa lada. Reshen zogale in aka kafa shi a ƙasa mai laima yakan yi toho, wanda ke nuna wa yaro cewa ba kowace shuka ce take farawa daga ƙwaya ba. Gyaɗa kuwa ita ce mai abin al'ajabi, domin tana yin fure a sama sannan ta sunkuyar da shi ta binne 'ya'yanta a ƙasa. Kanon da ta yi suna a duniya da dalar gyaɗa bai kamata a ce 'ya'yanta ba su san wannan ba. Barkono a bar shi sai sun girma, saboda hannu da ido. Haka kuma kada zurma ko bini-da-zugu ko zaƙami su kusanci wurin, domin 'ya'yansu guba ne, tumfafiya kuma ƙaronta yana cutar da ido. Irin da ake sayarwa a leda wanda aka rina da launi, magani aka zuba masa, bai dace da hannun yara ba. Na kasuwa wanda ake dafawa, ko wanda wata tsohuwa ta adana a gora, shi ya fi.

Ruwa shi ne ƙalubale na gaskiya, ya ma fi fili. Mutanen cikin birni sun daɗe suna sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa, kuma mai makaranta da yake lissafin kowace jarka ba zai yi murna da sabon mai sha ba. Amma mazubi goma ba sa shan abin da ya wuce jarka guda a yini, in ba a tsakiyar bazara ba. Ban da haka, ruwan da ake zubarwa a banza ya fi wannan yawa. Ruwan alwala, da wanda aka wanke shinkafa ko ganye da shi, duk suna raya shuka muddin babu sabulu a ciki. In aka ajiye baho inda ake alwala, aka koya wa yara su kwashe da moɗa su kai wa shukarsu, an koya musu tattali ba tare da wa'azi ba. Sharaɗi ɗaya ne, kada a bar ruwa ya kwana a buɗe, don kada lambu ya zama gidan sauro. Akuya da kaji su ma abokan gaba ne, sai an ɗaga mazubai a kan bulo ko an kewaye da tsohuwar raga. Kuma ko an yi duk wannan, wata rana akuyar maƙwabta za ta shigo ta cinye gayaunar wani, za a yi kuka. Kada a yi sauri a saya masa wata a ɓoye. A zauna da shi a duba ta ina ta shigo, a toshe, a sake shuka. Wanda ya rasa alayyafonsa yana ɗan shekara huɗu ya sake shukawa ya sami darasin da babu shi a manhaja.

Akwai wata adawa da ba a cika faɗinta a fili ba, amma ita ce mafi zurfi. Iyaye da yawa sun yi makaranta a zamanin da gonar makaranta take nufin horo. A shekarun shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Janar Obasanjo, wanda aka ƙaddamar a 1976, da na juyin noma na Shugaba Shehu Shagari a 1980, an ƙarfafa wa makarantu su yi gona, amma a wurare da yawa abin da yaro ya gani shi ne wanda ya makara ake miƙa wa fartanya, amfanin gona kuma bai san inda ya tafi ba. Wanda ya tashi da wannan tabo, in ya biya kuɗin makaranta ya ga ɗansa ya dawo da ƙasa a riga, zai ce ba don wannan ya kai shi ba. Yana so ya ji Turanci a bakin yaro, ya ga aikin gida a jaka. Ba za a raina wannan buri ba, domin uba yana neman wa ɗansa abin da yake gani shi ne tsani. Amsar da za a ba shi ita ce bambancin gandun dole da gayauna. Kada a taɓa yin horo da lambu, ko da sau ɗaya. Kuma abin da yaro ya shuka a ƙulla masa ya kai gida, ko da ganye biyar ne, a saka a miyar dare a faɗa wa kowa na wane ne. Uwar da ta ga fuskar ɗanta a wannan daren da wuya ta sake yin ƙorafin wanki. Game da Turanci kuwa, yaron da ya san abu da sunansa na Hausa, ya taɓa shi, ya ɗanɗana, ɗora masa sunan Ingilishi a kai abu ne mai sauƙi. Wahala tana ga wanda ake ba suna alhali babu abin da zai rataya shi.

Malaman da za su yi wannan aiki su ma abin dubawa ne. Yawancin masu koyarwa a rabin aji 'yan mata ne da suka tashi a birni, wasunsu ba su taɓa shuka ba su ma, albashinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Ba adalci ba ne a ɗora musu sabon nauyi a juya baya. Amma unguwa irin Sheshe ba ta rasa tsofaffin da suka yi noma a ƙuruciya, ko waɗanda har yanzu suke da gona a bayan gari, ko tsohuwar da take da ɗoɗɗoya da na'ana'a a kasko a bayan ɗaki. A gayyato irin waɗannan su zo sau ɗaya a mako. Za su zo da kalmomin da malama ba ta da su, da kacici-kacici da tatsuniyoyin da suka shafi shuka. A nan ɗaliban sashen Hausa suke da abin yi. Maimakon a yi ta maimaita nazarin littattafan da aka riga aka tatse, ɗalibi zai iya ɗaukar zango guda yana zuwa irin wannan lambu da na'urar ɗaukar magana, ya tattara yadda yara 'yan shekara uku zuwa biyar suke kama sababbin kalmomi, da irin jam'in da suke ƙirƙira, da tambayoyin da suke yi. Nazarin yadda yaron Bahaushe yake koyon harshensa fage ne da har yanzu yake da sauran sassabe.

Saura maganar lokaci, wadda in aka yi kuskurenta duk shirin zai rushe. Damina a Kano takan kankama ne daga watan Yuni, ta fi ƙarfi a Agusta, ta janye a ƙarshen Satumba, dogon hutu kuma yakan faɗo daidai tsakiyarta. Makarantar da ta shuka kuɓewa ko gyaɗa a ƙarshen Yuni za ta rufe ƙofa kafin su nuna, yara su dawo su tarar da ciyawa ko karmami. Saboda haka a zangon ƙarshe na shekara abin da ya dace shi ne mai saurin isa, kamar alayyafo da yakuwa, a tsinke kafin hutu. Mai daɗewa kuwa a shuka shi a ƙaramin mazubin da yaro zai iya ɗauka ya tafi da shi gida ranar da aka tashi, ya ci gaba da kula da shi a gaban iyayensa. Zangon farko, daga Satumba zuwa Disamba, shi ne na latas da karas da tumatir, waɗanda suka fi son sanyin hunturu, ko da yake a lokacin duk ruwan da za su sha sai an ɗebo. Watannin Maris da Afrilu kuwa a huta da shuka. A yi amfani da su wajen tara mazubai, da ruɓar da taki, da ɓare busasshiyar kuɓewar da aka bari a jikin uwarta don a fitar da irin baɗi, kowane yaro ya ƙulle nasa a ƙyalle, malama ta rubuta sunansa a kai.